Maigidana ya zuba kuɗin gininmu a tsofaffin hotunan bugun katako

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekararmu 11 da aure, 'ya'yanmu uku, muna zaune a wani gari a arewacin Ingila. Maigidana likita ne, ni kuma ina aiki a kantin magani. Muna da asusu guda da kowannenmu ke zuba wani abu duk wata saboda gidan da muke ginawa a Zariya. Ginin ya kai linta ya tsaya tun bara. Da na tambaya sai ya ce siminti ne ya yi tsada, mu ɗan jira.

Watan jiya ina neman takardun makarantar yara sai na ci karo da wasu akwatuna masu faɗi a saman sif. Cikinsu tsofaffin hotuna ne baƙi da fari a kan takarda, sun kai 40, haɗe da rasit ɗinsu. Na yi lissafi, kusan fam 14,000 ne cikin shekara uku, duk daga asusun ginin. Da na tare shi bai musa ba. Ya ce hotunan bugun katako ne na farkon ƙarni na 20, aikin masu zane na Ingila da Jamus, ba a cika samunsu ba, kuma ajiya ce da ta fi banki. Ya jero mini sunaye: Käthe Kollwitz, Erich Heckel, Clare Leighton, Gwen Raverat. Har idonsa ya kawo ruwa a kan wani hoto na uwa da uba a durƙushe sun rungume juna.

Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, bai taɓa gaza mana ci da sha ba. Amma na kasa haɗa ido da shi. Yayarsa ta ce hoto haramun ne, in tattara in ƙone, ko in kai ƙara wajen Hajiyarsu. Ƙawata ta ce in kwashe a ɓoye in sayar a eBay in mayar da kuɗina. Anti, da gaske waɗannan takardu suna da daraja, ko damfararsa aka yi? Kuma yaya zan yi da zuciyata?

Daga wata ƙanwarki a Ingila

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da haƙuri. Tambaya biyu kika yi mini, ta daraja da ta zuciya, kuma kin sa ta darajar a gaba, kamar da zarar an ce miki hotunan na gaske ne zuciyar za ta kwanta da kanta. Ba za ta kwanta ba. Ko gobe wani masani ya duba ya ce akwatunan nan sun ninka kuɗinsu, abin da ya hana ki haɗa ido da maigidanki yana nan: kin tambaye shi dalilin tsayuwar gini, ya ce miki siminti. Siminti ya yi tsada, kowa shaida ne, amma ya ɗauki wannan gaskiyar ya lulluɓe wata da ita. A cikin kuɗin kuma akwai guminki, na tsayuwar da kike yi a bayan kanta daga safe zuwa yamma. Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma kuɗin da aka tara da sunan gini amana ne a hannun duk wanda ke iya cirewa. Kada kowa ya ce miki kin cika ƙorafi tunda ba giya ya sha da su ba. Kina da gaskiyar ɓacin ranki.

Shawarwari biyun da aka ba ki kuwa, ina roƙonki ki ajiye su. In kin ƙone, kuɗinki kika ƙone, kuma kin buɗe rigimar da ta fi wadda ke gabanki. In kin sayar a ɓoye, ba ki san wanne ne na fam 30 ba, wanne ne na fam 3,000, alhali dillalan da ke kwana a kan shafin sun sani sarai. Mafi muni, za ki yi masa irin abin da ya yi miki, daga ranar kuma ku biyun babu mai sauran bakin magana.

Bari in ɗan gaya miki abin da ke cikin akwatunan, domin sai kin san abu za ki iya yanke hukunci a kansa. Mai zane yakan ɗauki katako, ya sassaƙe duk inda yake so ya fito fari, ya bar inda zai ɗauki tawada a tsaye, sannan ya shafa tawada ya danna takarda a kai, kamar yadda hatimi ke aiki. Hanya biyu ce. Akwai allon da aka tsaga bisa tsawon itace, ana yanka shi da wuƙa, hoton ya fito da kauri da kaushi, wani lokaci har jijiyar katakon ta bayyana a takarda. Wannan ita ce hanyar Jamusawan da ya ambata. A 1905 wasu ɗaliban zanen gine-gine su huɗu a Dresden, wato Heckel da Ernst Ludwig Kirchner da Karl Schmidt-Rottluff da Fritz Bleyl, suka kafa ƙungiyar Die Brücke, kuma bugun katako ya zama babban aikinsu. Ɗaya hanyar, ana yanka katako mai tsananin tauri a gicciye, a goge shi sumul, a tona shi da ƙarfe mai tsini, layukan su fito sirara ƙwarai, hoton kuma galibi ƙarami. Wannan ce ta farfaɗo a Ingila, inda aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Landan a 1920, Gwen Raverat tana cikin waɗanda suka kafa ta. Clare Leighton kuma ta yi suna da littafinta na 1933 mai hotuna 12 na aikin gona, kowane wata da nasa.

Hoton da ya sa shi hawaye, ina jin na gane shi. Käthe Kollwitz ta rasa ɗanta Peter a Oktoban 1914, yana da shekara 18, kwanaki kaɗan da tafiyarsa fagen daga a Beljiyam, kuma ita ce ta taya shi roƙon mahaifinsa ya bar shi ya tafi. A 1921 da 1922 ta sassaƙa hotuna bakwai a kan yaƙi. Babu bindiga ko filin daga a cikinsu, mafi yawansu waɗanda aka bari a gida ne: matan da mazansu suka mutu, uwaye, da waɗannan iyaye biyu da suka zube a jikin juna fuska a rufe. Mijinki likita ne, ƙanwata. Allah kaɗai ya san sau nawa ya tsaya gaban iyaye ya faɗa musu abin da ba sa son ji, ya koma gida ya ci tuwo bai ce uffan ba. Ban yi mamakin wannan hoton ya kama shi ba. Kuma batun ƙarancin irin waɗannan ayyuka yana da tushe. A 1937 gwamnatin Nazi ta kwashe ayyuka sama da 16,000 daga gidajen tarihin Jamus da sunan gurɓataccen zane, na Heckel da Kirchner suna ciki da yawa. Bam ya rushe gidan Kollwitz a Berlin a 1943, ya kuma cinye ɗakin aikin Heckel a 1944 har da katakan da yake bugawa da su.

Na faɗi wannan ne don ki ga cewa abin da ya so abu ne da ya cancanci a so shi. Wannan bai wanke shi ba. A ganina ya ɓoye ne saboda ya san a cikin danginsa, da ma cikin abokansa, babu wanda zai fahimci magidanci ya ba da fam 400 a kan takarda mai faɗin tafin hannu. Ya ji kunyar sha'awarsa, sai ya sa mata rigar ajiya don ta yi kyan faɗa, har wataƙila shi kansa ya yarda. Gwanjon intanet kuma yana da nasa jan hankali: ana ƙirga daƙiƙu, wani ya ɗara ka da fam 20, zuciya ta ce kada ka bari. Mutum 40 bai sayi hoto 40 ba, mutum ɗaya ne ya saya cikin shekara uku, kusan kowane wata ke nan. Wannan saurin ya fi adadin kuɗin damuna.

To, batun ajiyar da ta fi banki. Nan dole in saɓa masa. Gidajen gwanjo suna karɓar la'ada daga mai saye, kusan kashi 25 cikin 100 ko fiye, sannan su karɓa daga mai sayarwa. Ɗauki misali: an buga guduma, wato an sallama hoto, a kan fam 1,000. Da la'ada da harajin da ke kanta, mai saye zai biya wajen fam 1,300. In ya mayar da hoton washegari aka sake bugawa a kan fam 1,000, aka cire masa kashi 15 da haraji, abin da zai shigo hannunsa bai wuce fam 820 ba. Ke nan sai farashin ya tashi da fiye da rabi kafin uwar kuɗi ta dawo. Akwai hotunan da ke yin hakan, amma ƙalilan ne, kuma bayan shekaru masu yawa. Ga shi takarda ba ta haihuwa duk wata, ba kuma ranar da kake buƙata ake samun mai saye ba.

Darajar kowane ɗaya kuma ta dogara ne da irin bugun da aka yi masa, domin katako ɗaya yana iya haifar da hotuna masu farashi daban-daban. Mafi daraja shi ne wanda mai zanen ya buga da kansa ko aka buga a gabansa, 'yan ƙalilan, ya sa hannu da fensir a ƙasa, sau da yawa da lamba. Ƙasa da shi akwai wanda aka buga daga ainihin katakon amma cikin mujalla ko littafi, ɗaruruwa ko dubbai, ba sa hannu. Mujallar Der Sturm da aka fara a Berlin a 1910 da mujallar Genius ta 1919 zuwa 1921 sun fitar da irin waɗannan, kuma 'yan kasuwa sukan farke shafukan su sayar ɗai-ɗai, kamar yadda ake yi wa littattafan Leighton. Na gaske ne, amma farashinsu mai sauƙi ne. Sai kuma kwafin inji, wanda hoton hoto ne kawai, wani lokaci har a ƙara masa sa hannun ƙarya da fensir. Ina kyautata zaton akwatunansa sun haɗa duka ukun. Wanda na fi so a fara dubawa shi ne na Kollwitz ɗin, domin na gaske mai sa hannu daga waɗannan bakwai ɗin dubban fam ake sayar da shi. In rasit ya nuna 'yan ɗaruruwa ya biya, ki shirya zuciyarki, ki kuma taya shi shirya tasa.

Akwai abin da za ku iya dubawa a kan teburin cin abinci. Ku sa gilashin ƙara girma a kan baƙin: in kun ga ɗigo-ɗigo a jere, aikin inji ne. Ku juya bayan takardar, bugun katako yakan bar ɗan shatin dannawa. In an haska fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita takardar ta yi ƙyalli fari fat, alama ce ta takardar shekarun 1950 zuwa yau, domin a lokacin aka fara zuba mata sinadarin ƙara haske. Sannan awo: kowane babban mai zane yana da kundin da masana suka tattara ayyukansa da girmansu da adadin bugunsu. Na Kollwitz da ake dogara da shi yanzu shi ne na Alexandra von dem Knesebeck na 2002, kuma hoton iyayen nan kimanin santimita 35 da 42 ne, saboda haka in nasa bai wuce shafin littafi ba an gama magana. Waɗannan gwaje-gwaje suna iya fitar da jabu, amma ba sa isa su tabbatar da na gaske. Don haka ku ɗauki hoton gaba da bayan kowanne, ku aika wa gidajen gwanjo biyu masu sashen irin wannan kaya, yawanci kyauta suke ba da ƙiyasi. Kada ku koma wajen wanda ya sayar masa don ya yi muku ƙiyasin. Gidan tarihi na Whitworth a Manchester da British Museum a Landan suna da ɗakunan da ake neman izini a zauna a ga na ainihi ido da ido. Ba sa faɗin farashi, amma ido yana koyo. Ku kuma karanta sharuɗɗan da ke tare da kowane rasit da wuri: manyan gidajen gwanjo na Sotheby's da Christie's sukan ba da shekara 5 a mayar da abin da ya tabbata jabu ne, ƙananan gidaje kuwa wani lokaci 'yan makonni ne kawai.

Kin lura ina ta cewa ku. Da gangan ne. Wannan binciken shi ne hanyar da nake so ki bi ki koma magana da shi, amma kafin a buɗe akwati sai an yi maganar siminti. Ki zaɓi daren da ba ya kan aiki, yara sun yi barci, ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, ban zo faɗa a kan hotunanka ba. Na tambaye ka gini ka ce mini siminti, wannan ne ya karya mini zuciya. Ina so in ji daga bakinka ka san ka ci amanata." Ki yi shiru ki bar shi ya amsa. In ya fara lissafa miki ribar da za a samu, ki dawo da shi a hankali, ki ce wannan maganar gobe ce. Kina buƙatar jin ban haƙuri wanda ba a haɗa shi da "amma" ba, kuma kina da haƙƙin nemansa.

Bayan nan sai gyara, kuma gyaran a rubuce. Abin da ya fita daga kasonki bashi ne a kansa, ku rubuta adadin da lokacin biya, ko daga albashinsa ko daga sayar da wasu hotunan. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, don haka babu rashin kunya a ciki ko tsakanin mata da miji. Asusun gini ya koma wanda kowa ke ganin shige da ficensa a wayarsa, ko ki riƙa ajiye kasonki a naki asusun sai an tashi sayen kaya ki tura. Sayen sabon hoto ya tsaya cak har sai an rufe ginin. In an kai nan, ina ba ki shawarar da za ta yi miki nauyi yanzu: ki yarda ya ware wani ɗan abu daga kuɗinsa, wanda kuka amince da shi tare, ya riƙa sayen hoto ɗaya ko biyu a shekara a gabanki. In kika ce sam, ina tsoron sha'awar za ta koma ɓoye ne kawai, ta sami sabon wurin ajiya a ofis. Masu tara irin wannan kaya da suka daɗe a harkar ma sukan rage yawa su riƙe masu kyau, don haka sayar da rabi ko fiye ba zai kashe abin da yake so ba. Ki bar shi ya zaɓi waɗanda ba zai iya rabuwa da su ba, sauran a sayar a hankali ta hannun gidan da ya san darajarsu, kada a zubar da su rana ɗaya.

Yayarsa ba maƙiyiyarki ba ce, tsoron Allah ne da kishin ƙaninta suka sa ta magana, ki gode mata ki ce kuna kan gyarawa. Batun hoto malamai sun yi saɓani. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya fi shafar mutum-mutumi mai inuwa, cikakken jiki, na abu mai rai, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa bai kai haram ba, ko da yake an karhanta wani. Wasu malaman sun fi tsanantawa. Hoton gona da itatuwa da gidaje kuwa mafi yawan malamai ba su hana shi ba. Ku je tare wajen malamin da kuka yarda da iliminsa, ku gaya masa ainihin abin da ke cikin akwatunan. Abu ɗaya da ba sai an jira fatawa ba: 'yan Die Brücke sun yi hotunan tsiraici da yawa, in akwai irinsu su ne farkon fita daga gidan da ke da yara. Ku tambayi malamin batun zakka ma, domin abin da aka saya don sha'awa hukuncinsa daban da wanda aka saya da niyyar kasuwanci, kuma wannan tambayar za ta sa maigidanki ya faɗa wa kansa wanne yake yi. Hajiya kuwa, ki bar ta tukuna. Dattijuwa ce, tana nesa, abin da za ta ji a waya shi ne ɗanta ya watsar da miliyoyin naira a kan takarda, hawan jininta ya tashi, shi kuma ya ji kin tona masa asiri tun kafin ki ba shi damar gyarawa.

Kafin a yanke abin da za a yi da su, a kula da su, tunda dukiyarku ce. A nisanta su daga hita da bangon da ke tsatsafar danshi, kada a kai su saman rufi ko gareji, kada salatif ya taɓa su, kada a rataye inda rana ke bugawa. A sa takarda marar asid tsakanin kowane biyu, a kuma sanar da kamfanin inshorar gidanku. In kuna da niyyar komawa gida, ku yi wannan lissafin tun yanzu: damina a Zariya tana kawo danshi da fumfuna, hunturu ya busar da takarda ya cika ta da ƙura, gara kuma ba ta san Kollwitz ba. Masu sayen irin wannan kaya suna Landan da Berlin da Munich, saboda haka duk abin da za a sayar a sayar kafin a ɗaure kaya.

In kuwa kin yi duk wannan ya ƙi a duba hotunan, ko ya ƙi rubuta bashin, ko kika sake ganin sabon rasit bayan alkawari, to lamarin ya wuce sha'awa. Ki janye kasonki daga asusun nan take, ki gaya masa kin janye da dalilinki. Sannan ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, waliyyinki ko babban wansa ko limamin masallacinku, ku zauna ku uku. Sayayyar da mutum ya kasa tsayar da ita yana kuma ɓoye ta matsala ce da ake neman taimakon ƙwararru a kanta, shi da yake likita ya san haka, kuma a inda kuke akwai masu ba ma'aurata shawara, har da Musulmi. Ki rubuto mini bayan ƙiyasin ya dawo, mu duba waɗanda ya kamata a fara sayarwa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku.